Darajar Sassauci a Tsarin Gina Filin Jirgin Sama: Misali Daga Tamale

1.0 Gabatarwa

Nyanshegu unguwa ce a birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana. Tamale gari ne na Dagombawa, amma akwai Hausawa da yawa a zangonninsa, kuma ana jin Hausa a kasuwanni da tashoshin mota. Kafin shekarar 2016, maniyyacin da zai sauke farali daga Nyanshegu, ko daga wata unguwa ta Tamale, sai ya fara yin tafiyar kilomita wajen 600 zuwa Akra, ya zauna a sansanin alhazai yana jiran jirgi. A watan Agusta na 2016 ne aka fara kwasar maniyyata kai tsaye daga Tamale zuwa Madina. Abin da ya kawo wannan sauƙi shi ne ƙarin tsawon da aka yi wa titin sauka da tashin jirage na filin jirgin saman garin.

Filin jirgin sama aiki ne mai cin kuɗi, kuma abin da aka gina yau shi za a yi amfani da shi shekaru 40 ko 50 masu zuwa. Sai dai babu wanda ya san yawan mutanen da za su hau jirgi nan da shekaru 10, balle 50. Idan an gina babba fasinja bai zo ba, an binne dukiyar talakawa. Idan kuma an gina ƙarami aka toshe hanyar faɗaɗa shi, gari ya yi asarar ciniki. Wannan takarda za ta yi bayani a kan hanyar da masana tsare-tsare ke bi don fita daga wannan tsaka-mai-wuya, wato sassauci, da yadda ake ƙiyasta darajarsa da kuɗi. Za a yi amfani da filin jirgin saman Tamale a matsayin misali.

2.0 Ma'anar Sassauci

A Hausar yau da kullum, kalmar sassauci tana nufin sauƙi ko rangwame, kamar a ce an sassauta doka ko an sassauta ɗauri. A wannan takarda kuwa, ana nufin tsara aiki ta yadda za a iya ƙara shi, ko rage shi, ko jinkirta wani ɓangarensa, ko sauya amfaninsa, ba tare da an rushe abin da aka riga aka gina ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga magidanta. Wanda ya zaga unguwannin Tamale, ko na Kano da Maraɗi, zai ga gidajen da aka zuba wa dakin, aka bar kawunan rodi a tsaye a sama. Maigidan bai da kuɗin bene a yanzu, kuma bai tabbata iyalinsa za su yi yawan da zai buƙaci benen ba. Duk da haka ya ƙara kuɗi ya yi tushe mai ƙarfi, domin in hali ya yi ya ɗora. Ƙarin kuɗin tushen nan bai saya masa ɗaki ko ɗaya ba. Abin da ya saya shi ne damar yanke shawara nan gaba, lokacin da zai fi sanin halin da yake ciki.

Haka abin yake a ciniki. Mai sayen fili yakan ba da kafin alƙalami don a riƙe masa filin zuwa wani lokaci. In ya ga cinikin zai yi masa, ya cika kuɗi. In ya fasa, galibi abin da ya bayar kaɗai zai rasa. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan dama zaɓi, wato haƙƙin yin abu ba tare da tilas ba. A 1977 wani masani Ba'amurke, Stewart Myers, ya nuna cewa ana iya kallon jarin da ake zubawa a gine-gine da masana'antu da wannan ido. Daga baya Richard de Neufville na jami'ar MIT ta Amurka ya yi fice wajen amfani da wannan tunani a tsarin filayen jiragen sama. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne hasashen yawan fasinja ba ya cika daidai, don haka bai kamata a ɗaure babban aiki a kan adadi guda ba.

3.0 Tarihin Filin Jirgin Saman Tamale

Tarihin wannan fili da kansa ya nuna yadda al'amura ke saɓa wa hasashe. An fara samar da wurin saukar jirage a Tamale a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don amfanin sojojin Ingila. A zamanin Kwame Nkrumah aka soma gina babban filin jirgin soja da taimakon Tarayyar Sobiyet, sai juyin mulkin Fabrairun 1966 ya dakatar da aikin. Filin da ake amfani da shi yanzu yana arewa da gari, kimanin kilomita 20 a kan hanyar Bolgatanga, kuma rundunar sojan saman Gana tana da sansani a wurin.

Bayan haka an inganta filin ne kashi-kashi. A 2008 Gana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, aka ajiye rukunin Tunisiya da Angola da Senegal da Afirka ta Kudu a Tamale. Saboda haka aka gyara titin jirgi da ginin fasinjoji don karɓar baƙi. A 2014, zamanin Shugaba John Mahama, aka soma kashi na farko na babban aikin faɗaɗawa, wanda kamfanin Queiroz Galvão na Barazil ya yi. An ƙara tsawon titin daga mita 2,438 zuwa mita 3,400, abin da ya ba manyan jirage irin Boeing 747 damar tashi da cikakken lodi. Wannan ne ya sa jigilar alhazai ta 2016 ta yiwu.

Kashi na biyu an aza harsashinsa a watan Agusta na 2019, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya buɗe shi a watan Agusta na 2023. An kashe dala miliyan 70, da rancen da hukumar tallafa wa fitar da kaya ta Birtaniya da bankin KfW IPEX na Jamus suka tsaya a kai. An gina sabon ginin fasinjoji mai faɗin murabba'in mita 5,000, wanda zai iya ɗaukar fasinja 400,000 a shekara, aka kuma tsara shi yadda za a iya ƙara masa faɗi. An gina wani zaure dabam mai amfani iri-iri, wanda ke zama sansanin alhazai a lokacin aikin hajji, da hanyar mota mai tsawon kilomita 5. A 2024 gwamnati ta sanar da raɗa wa filin sunan Yakubu Tali, Tolon Na, ɗaya daga cikin jagororin siyasar arewacin Gana a zamanin neman 'yancin kai.

4.0 Abubuwan da Ke Rikita Hasashe

Wanda ya zauna a 2012 yana lissafin fasinjojin Tamale na shekaru 10 masu zuwa, da wuya ya hango abubuwan da suka faru. Ga kaɗan daga cikinsu.

Na farko, kamfanonin jirage suna zuwa suna tafiya. Antrak Air ya daina jigila a 2015, Starbow kuma ya tsaya a ƙarshen 2017. PassionAir ya shigo a 2018 ya tarar da Africa World Airlines. A ƙaramar kasuwa irin wannan, faɗuwar kamfani ɗaya tana iya rage kujeru ta kuma ɗaga farashin tikiti cikin mako guda.

Na biyu, manufar gwamnati tana sauyawa. An taɓa ɗora harajin kashi 17.5 cikin 100 a kan tikitin jiragen cikin gida, sannan aka soke shi a 2017. Mutumin Tamale yana da zaɓi tsakanin jirgin da ke kai shi Akra cikin kimanin awa ɗaya da motar da ke cinye masa yini ko dare guda, don haka ɗan ƙarin kuɗi yana iya mayar da shi tasha.

Na uku, annoba. A watan Maris na 2020 Gana ta rufe iyakokinta saboda cutar korona, kuma a 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga ƙasashen waje ba. Ke nan shekaru biyu a jere babu jirgin alhazai daga Tamale.

Na huɗu, darajar kuɗi. Ana karɓar bashin gini da dala ko yuro, alhali yawancin kuɗin shigar filin cikin gida da sidi ne. A 2022 sidi ya faɗi ƙwarai, a watan Disamba na shekarar Gana ta dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje, a 2023 kuma ta shiga shirin rancen dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Na biyar, siyasar maƙwabta. Daga cikin burin da aka ɗora wa filin Tamale akwai zama ƙofar ciniki da ƙasashen Sahel. A watan Janairu na 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fice daga ƙungiyar ECOWAS, abin da ya ƙara rashin tabbas a kan wannan buri.

5.0 Yadda Ake Ƙiyasta Darajar Sassauci

Tsohuwar hanyar lissafi ita ce a ɗauki hasashe guda, a ce fasinja za su kai kaza a shekara kaza, a gina daidai da shi. Sabuwar hanya tana jera abubuwan da ka iya faruwa, ta auna kowane tsari a ƙarƙashin kowane hali. Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai don koyo, ba na wani fili ba ne, kuma duk a miliyoyin dala suke, bisa darajar kuɗin yau.

A ɗauka cewa hukuma tana da tsari uku. Tsari na farko: a gina babban gini nan take a kan 100. Tsari na biyu: a gina ƙarami a kan 60, ba tare da tanadin ƙari ba. Tsari na uku: a gina ƙaramin a kan 60, a ƙara 5 don tushe mai ƙarfi da fili da bututun ruwa da wayoyin lantarki masu ɗaukar ƙari, in buƙata ta taso a kashe 50 a faɗaɗa. A ɗauka kuma cewa idan fasinja sun yi yawa, babban gini zai samar da 160, ƙaramin da ba ya faɗaɗuwa kuwa 90 kawai zai iya samarwa saboda cunkoso. Idan fasinja sun yi kaɗan, kowane gini 70 zai samar.

A tsari na farko, in kasuwa ta yi kyau riba 60 ce, in ta yi muni asarar 30 ce. A tsari na biyu, ribar 30 ce ko 10. A tsari na uku, in kasuwa ta yi kyau an kashe 115 an sami 160, riba 45 ke nan, in ta yi muni an kashe 65 an sami 70, riba 5. Idan yiwuwar halin biyu daidai take, wato rabi da rabi, matsakaiciyar ribar tsari na farko 15 ce, ta biyu 20, ta uku 25.

Abubuwa uku ne za a lura da su a nan. Da farko, tsari na uku ya fi tsada idan komai ya tafi daidai, domin 115 ta fi 100. Sassauci ba kyauta ba ne. Na biyu, ya kare hukuma daga asarar 30, wadda a ƙasa mai fama da bashi tana nufin asibiti ko makarantar da ba a gina ba. Na uku, ƙarin 5 da aka kashe a tushe ya dawo da 10, domin bayan an cire kuɗinsa ma tsari na uku ya fi na biyu da 5. Wannan bambanci shi ake kira darajar sassauci.

Sai dai lissafin yana juyawa idan tabbas ya ƙaru. Idan yiwuwar samun fasinja da yawa ta kai 9 cikin 10, matsakaiciyar ribar tsari na farko za ta zama 51, ta uku kuwa 41. A 7 cikin 10 ne tsarin biyu ke yin kunnen doki, kowanne 33. Ma'ana, sassauci ya fi daraja a inda gobe ta fi duhu. Wannan ne ya sa lissafin da ya dace da Akra, inda aka buɗe ginin fasinjoji na uku mai ɗaukar mutum miliyan 5 a 2018, ba lallai ya dace da Tamale ba.

6.0 Abin da Ake Faɗaɗawa Tun Farko da Abin da Ake Jinkirtawa

Sassan filin jirgi ba ɗaya suke ba wajen karɓar gyara. Ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne ƙasa. Ita ce mafi arha a farko, mafi tsada daga baya. Tamale na cikin biranen da ke saurin bunƙasa a Afirka ta Yamma, kuma gine-gine suna bin manyan hanyoyi, har da hanyar Bolgatanga. Da zarar gidaje sun kewaye ƙarshen titin jirgi, ƙara masa tsawo zai buƙaci rusau da diyya da shari'a. A ƙasar Dagbon sarakuna ne ke riƙe da ƙasa a madadin jama'a, don haka killace filin gobe yana buƙatar yarjejeniya a rubuce da biyan haƙƙin manoma tun da wuri. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kashi na biyu shi ne titin jirgi. Shi ba ya rabuwa ƙanana-ƙanana yadda ake so, domin babban jirgi ko dai titi ya ishe shi ko bai ishe shi ba. Titin mita 3,400 ya buɗe wa Tamale ƙofofi da dama lokaci guda: jigilar alhazai, da karɓar jiragen da aka karkatar idan ba su iya sauka a Akra ba, da yiwuwar jigilar kayan gona masu saurin lalacewa, kamar mangwaro da kayan lambu. Amma riƙe wannan dama yana da kuɗi. Jiragen da ke zirga-zirgar yau da kullum tsakanin Tamale da Akra ƙanana ne, ba sa buƙatar wannan tsawo, alhali kwalta da fitilu da motocin kashe gobara suna cin kuɗi duk shekara.

Kashi na uku shi ne gine-gine, kuma a nan sassauci ya fi sauƙi. Ginin da aka yi shi ɓangare-ɓangare ana iya ɗora masa wani ɓangaren ba tare da an rufe shi ba. Zauren alhazai na Tamale misali ne na wani nau'in sassaucin, wato sauya amfani. Jigilar alhazai makonni kaɗan ce a shekara, amma tana tara ɗaruruwan mutane lokaci guda, da kaya da 'yan rakiya. Da an auna babban ginin fasinjoji da wannan cunkoso, da ya zauna kusan fanko sauran watanni. Keɓe zaure mai sauƙin gini, wanda za a iya yin wasu hidimomi a cikinsa bayan hajji, ya fi dacewa da karin maganar nan ta daidai ruwa daidai tsaki.

7.0 Darasi Daga Wasu Wurare

A Kanada an buɗe filin jirgin Mirabel kusa da birnin Montreal a 1975, bisa hasashen miliyoyin fasinjoji da ba su zo ba. A 2004 aka daina jigilar fasinja a can, a 2014 kuma aka soma rushe ginin fasinjojin. Abin lura shi ne titunan jirgin da filin sun ci gaba da amfani ga jiragen kaya da masana'antar ƙera jirage. Ginin da aka yi wa aiki guda shi ne ya mutu.

A Fotugal kuwa, gadar da aka buɗe a kan kogin Tagus a Lisbon a 1966 an tsara ta yadda za ta iya ɗaukar layin dogo a ƙarƙashinta. Sai a 1999 jirgin ƙasa ya fara bi, bayan an ƙarfafa ta. An jira shekaru 33 kafin a yi amfani da damar.

A cikin Gana ma akwai abin dubawa. An gina filin jirgi a Ho, Yankin Volta, a kan kimanin dala miliyan 25, amma jigilar fasinja da aka fara a ƙarshen 2021 ta tsaya cikin 'yan watanni. Ho tana da kusanci da Akra ta mota, don haka jirgi bai rage wa matafiyi lokaci mai yawa ba. Tamale ta bambanta saboda nisanta da kuma yawan maniyyatanta.

8.0 Matsalolin Aiwatarwa

Sassauci a takarda yana da sauƙi. A aikace yana fuskantar cikas guda uku. Na farko, ɗan siyasa ya fi son abin da zai yanke wa ƙyalle kafin zaɓe, kuma tushen da ke binne ko filin da aka killace ba ya fitowa a hoto. Na biyu, masu ba da rance sukan fi son babban kwantiragi guda ga kamfanonin ƙasarsu a kan ƙananan ayyukan da za a yi jefi-jefi. Na uku, dama ba ta da amfani idan babu mai sa ido ya san lokacin amfani da ita. Saboda haka masana ke ba da shawarar a rubuta sharaɗin faɗaɗawa tun farko, misali a ce idan fasinja sun kai kaso kaza na abin da gini ke ɗauka shekaru biyu a jere, sai a soma kashi na gaba. Wannan aiki ne na Kamfanin Filayen Jiragen Saman Gana, wanda ya fara aiki a 2007 bayan an raba shi da hukumar kula da sufurin jiragen sama. Idan babu irin wannan sharaɗi, gini kashi-kashi yakan koma aikin da aka yi watsi da shi, kamar gidan da rodinsa ya yi tsatsa benen bai hau ba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana sassauci a matsayin damar yanke shawara nan gaba, ta kuma nuna cewa ana sayen wannan dama da kuɗi, ana iya auna ribarta da lissafi. An ga cewa darajarta tana ƙaruwa idan rashin tabbas ya yi yawa, tana raguwa idan buƙata ta tabbata. A filin jirgin saman Tamale, dogon titin 2016 ya sauƙaƙa wa maniyyatan Nyanshegu da sauran arewacin Gana tafiya, ginin 2023 kuma an yi shi daidai da buƙatar kusa tare da barin hanyar ƙari. Abin da ya rage ga hukuma shi ne kare ƙasar da ke kewaye da filin, da kula da abin da aka gina, da jinkirta duk wani sabon kashi har sai alƙaluman fasinja da na kaya sun nuna lokacinsa ya yi.